An ce mu koma ofis ranar Litinin, ni kuma ina da yarinya mai sikila a gida

Uwar Biyu, Juma'a, 3 ga Yuli, 2020

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar 'yan'uwa, musamman ma'aikatan lafiya da iyayen da ke rainon yara masu sikila. Jiya Gwamna Ganduje ya sanar da ɗage dokar kullen da aka sa saboda annobar korona a Kano, aka kuma umarci ma'aikata daga mataki na 12 zuwa sama su koma bakin aiki ranar Litinin, 6 ga wata, daga ƙarfe tara na safe zuwa biyu na rana. Ni ina mataki na 12 a wata ma'aikatar jiha, saboda haka umarnin ya hau kaina.

Ƙaramar 'yata shekararta huɗu, kuma jininta SS ne. Bara da damina ta kwanta a asibiti da ciwon ƙirji da sarƙewar numfashi, har sai da aka sa mata iskar oksijin aka yi mata ƙarin jini, kuma likitan da ya duba ta ya gaya mana cewa daga yanzu huhunta ne abin da za mu fi sa wa ido. Tun da aka rufe gari a watan Afrilu ban bari ta leƙa ko zaure ba, ni ma ban fita ba sai da larura.

A ofishinmu mu shida ne a ɗaki guda, tagogi a rufe saboda na'urar sanyaya ɗaki, fayil yana yawo daga hannu zuwa hannu, kuma mutane suna shigowa neman sa hannu tun safe har a tashi. A-daidaita-sahu nake hawa, kuma sai na sauka na sake hawa wani kafin in isa. Idan na fita, yarinyar za ta zauna a wurin surukata, Hajiya, wadda muke gida ɗaya da ita. Tana da hawan jini, kuma ɗakinta ba ya rabuwa da jikoki. Maigidana yana da shago a Kantin Kwari, yana kuma fita tun lokacin da aka fara sassauta kullen a wasu ranaku.

Na sayi sinadarin bilic da niyyar in riƙa goge jaka da takalmi da waya, in yi wanka in wanke kayan jikina kullum kafin in taɓa ta, har ina tunanin in raba ɗakin kwana da ita. Mahaifiyata kuwa cewa ta yi in ajiye aikin gaba ɗaya, domin ba a haɗa albashi da ran ɗa. Shin waɗannan matakan sun wadatar, ko kuwa maganar mahaifiyata ce daidai? Kuma akwai hanyar da ma'aikaci zai bi a ɗaga masa ƙafa ba tare da ya jawo wa kansa takardar tuhuma ba? Tun watan Maris dai ba mu koma asibitinta ba saboda tsoron cunkoso, magungunanta ma sun kusa ƙarewa. Na gode, Allah ya saka da alheri.

Ma'aikaciyar Jinya, Juma'a, 3 ga Yuli, 2020

Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, Allah ya ba yarinya lafiya mai ɗorewa. Na daɗe ina aiki a ɗakin yara, kuma abin da ya fi tayar mini da hankali a rubutunki shi ne maganar da kika sako a ƙarshe kamar ba komai ba, wato tun Maris ba ku je asibiti ba kuma magani ya kusa ƙarewa. A yau wannan ya fi ofishinki zama haɗari ga yarinyar.

Yaro mai jinin SS saifarsa takan daina aiki tun yana ƙarami, ita kuwa saifa ita ce ke tace wasu ƙwayoyin cuta daga jini. Shi ya sa ake ba su fenisilin kullum har su kai shekara biyar, tare da folik asid da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro irin su Paludrine. Ga shi damina ta kankama, sauro ya yi yawa, kuma sanyin ruwa shi kansa yana tayar da ciwon. Idan aka yanke mata waɗannan magunguna don gudun korona, an gudu ne ba a tsira ba.

Ba ina nufin tsoronki ba shi da tushe. Gaskiya ne yawancin yaran da suka kamu da korona ba ta yi musu tsanani, amma masu sikila ba a sa su a sahun sauran yara. Tun watan Maris hukumomin lafiya na Birtaniya suka sanya masu SS cikin waɗanda aka ce su killace kansu a gida, a watan jiya kuma hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ƙara sikila cikin jerin cututtukan da ke sa korona ta yi tsanani. Dalilin a fili yake: duk cutar da ta kama huhu tana rage iskar da ke shiga jini, idan iska ta ragu ƙwayoyin jinin sai su lanƙwashe su toshe ƙananan hanyoyin jini na cikin huhun, wannan kuma ya ƙara rage iskar. Irin abin da ya kwantar da ita bara ke nan, kuma yakan rikiɗe cikin sa'o'i kaɗan.

Don haka abu na farko da za ki saya shi ne ma'aunin zafin jiki, ki koya wa Hajiya ko wani babba a gidan yadda ake karanta shi. Idan jikinta ya yi zafi, a auna kafin a ba ta farasitamol, domin maganin yana ɓoye zazzaɓin ya ruɗar da kowa. Da zarar ya kai digiri 38 sai asibiti a ranar, ba kemis ba, ba kuma jiran gari ya waye ba. Ki riƙa ƙirga numfashinta na minti ɗaya cikakke lokacin da take barci ko take zaune lafiya. Ga mai shekara huɗu, sau 40 ko fiye a minti alama ce ta matsala. Ki duba tafin hannunta da cikin fatar idonta ko sun yi fari fiye da yadda kika saba gani, ki kuma shafa gefen hagu na cikinta ko ya kumbura. A 'yan watannin nan mun ga iyaye da dama suna riƙe yaro a gida kwana biyu ko uku don tsoron kada a ce korona ce a killace shi, sai a kawo shi jini ya riga ya sauka ƙwarai. Idan kun isa, tun daga bakin ƙofa ki ce mai sikila ce da zazzaɓi, kada ki tsaya bin layi. Sannan ki nemi mutum biyu ko uku masu jinin AA waɗanda rukunin jininsu ya dace da nata, ki ajiye lambobinsu, saboda masu ba da jini sun ragu sosai a lokacin kulle, ke da mahaifinta kuma kuna ɗauke da S, alhali an fi so a ƙara mata jinin da babu shi.

Game da ofis, cutar ta fi bin numfashi fiye da takalmi da jaka. Ki roƙi abokan aikinki a kashe na'urar a buɗe tagogi a kunna fanka, ki sa takunkumi mai ninki uku wanda ya rufe hanci da haɓa, ki kuma lura cewa lokacin da aka fi sakaci shi ne na cin abinci, sa'ar da kowa ya sauke takunkumi aka kewaye kwano ɗaya ana hira. Tunda ƙarfe biyu za ku tashi, ki bari sai kin koma gida. A-daidaita-sahu aƙalla iska na ratsa shi, kuma idan da hali ki biya kuɗin kujerar da ke kusa da ke. Mutum yakan yaɗa cutar kwana ɗaya ko biyu kafin shi kansa ya ji alama, shi ya sa takunkumin da kika sa a ofis ya fi wankan da za ki yi a gida amfani. Bilic kuwa kada ya taɓa fatarki, kada kuma a fesa shi a ɗakin da take kwana, domin warinsa yana tayar da tari. Wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20 da sauya kaya sun isa. Raba ɗaki ba shi da amfani sai idan kin ji zazzaɓi ko tari ko kin daina jin ƙamshi da ɗanɗano. A nan ne za ki ware kanki, ki sa takunkumi a cikin gida, ki nemi gwaji. Duk wannan ba zai maye gurbin maganar likitanta ba, ki neme shi cikin makon nan.

Ɗan Fansho, Asabar, 4 ga Yuli, 2020

'Yata, Allah ya yi miki albarka, ya raya miki zuri'a. Malamar asibiti ta gama da ɓangarenta, ni zan yi magana ne a kan aikin, domin a sashen mulki na ƙare aikina.

Kada ki ajiye aiki, kada kuma ki yi zamanki a gida ba da izini ba. Rashin zuwa aiki ba tare da izini ba babban laifi ne a ƙa'idojin aikin gwamnati, yana iya kai mutum ga kora, kuma ranar da aka buɗe fayil ɗinki babu wanda zai tuna cewa yarinya ce ba ta da lafiya, abin da ke rubuce kawai za a karanta. Ki je ranar Litinin ki sa hannu a rajista, takardarki ta neman a ɗaga miki ƙafa tana cikin jaka. Ki rubuta ta zuwa ga daraktan mulki ta hannun shugaban sashenki, ki haɗa da rahoton likitan yarinyar, ki yi kwafi biyu a buga wa ɗaya hatimin karɓa ki riƙe. Alkawarin baki a ofis ba ya wuce ranar da aka yi wa wanda ya yi shi canjin wurin aiki.

A cikin takardar kada ki tsaya roƙon a tausaya miki, domin wanda ba a gaya masa abin da zai yi ba ajiye takarda yake yi a tire. Ki faɗi abin da kike so ƙarara: a mayar da teburinki ɗakin da jama'a ba sa shiga, ko a yarda ki riƙa zuwa kwana uku a mako ki ƙarasa sauran aikin a gida, in kuma duka sun gagara a ba ki hutunki na shekara yanzu, wanda a ƙa'idar da na sani kwana 30 ne ga mai matakinki. Hutu ba albashi shi ne na ƙarshe, kuma ban so ki kai can. Ga masu karatu da ke aiki a kamfanoni, Dokar Ƙwadago ta ba ma'aikaci har kwana 12 a shekara na hutun jinya da albashi idan likita ya tabbatar, amma na rashin lafiyar shi ma'aikacin ne, ba na ɗansa ba, don haka ku ma sai da lalama da rubutu.

Wani abu da ƙila ba ki lura da shi ba shi ne, waɗanda aka kira su dawo manyan ma'aikata ne, kuma da yawansu dattawa ne masu ciwon suga da hawan jini, waɗanda suka yi jana'izar abokansu a watan Afrilu. Idan kika ce a buɗe taga, ina kyautata zaton daraktan ne zai fara goya miki baya.

Mahaifiyarki kuma ƙauna ce ta sa ta faɗi abin da ta faɗa, ki je ki zauna da ita a natse. Ki lissafa mata kuɗin magani na wata, da na gwajin jini, da abin da kwanciyar bara ta ci. Annoba za ta wuce in Allah ya yarda, sikila kuwa tana nan, kasuwa ma kin ga yadda kulle ya yi da ita. Gidan da ke da mai wannan lalura bai kamata ya dogara da hanyar samu guda ba.

Mai Shago, Asabar, 4 ga Yuli, 2020

Hajiya, da girmamawa, ni a ganina an cika tsoratar da ke. Kasuwanni sun cika, an yi sallar Idi, ana Juma'a, kuma ba mu ga mutane suna faɗuwa a titi ba. Da cutar tana nan da ƙarfinta gwamnati ba za ta buɗe gari ba. Ki yi addu'a ki tafi aikinki, abin da Allah ya rubuta babu mai kankare shi.

Baban Mai Sikila, Asabar, 4 ga Yuli, 2020

Malam Mai Shago, Allah ya ƙara kasuwa, amma buɗe gari ba shaida ba ce cewa cutar ta tafi. Mutane ne suka gaji kuma yunwa ta yi yawa. A watan jiya Ministan Lafiya, Osagie Ehanire, ya bayyana sakamakon binciken mace-macen da aka yi a Kano a watan Afrilu, ya ce mutum 979 ne, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari ana jin korona ce sanadi. Batun ƙaddara kuwa, lokacin da Sayyidina Umar ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham saboda annoba, aka tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, cewa ya yi suna gudu ne daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Wanda ba shi da mara lafiya a gida yana iya gwada sa'arsa, mu ba mu da wannan damar.

Hajiya, ni ma'aikacin banki ne, ɗana mai SS yana da shekara tara, kuma mun daɗe da komawa aiki. Na ɗan saɓa da Malamar asibiti a kan wanka. Na yarda ba shi ne babban kariya ba, amma yana da wani amfani da ba na likita ba: yana hana yaro rugowa ya rungume ka da zarar ya ji motsin ƙofa. A zaurenmu na ajiye bokiti mai famfo da sabulu a raga, na buga ƙusa inda nake rataye rigar aiki, na sa kwando mai murfi na takunkumin da aka yi amfani da shi. Yaran sun san sallamar farko ta zaure ce, ba a fitowa, sai sun ji ta biyu daga tsakar gida. Cikin mako guda ƙaramin cikinsu ma ya fara tsare baƙi yana nuna musu bokitin.

Abin da na ga kowa ya tsallake shi ne maigidanki. Ke za ki yi sa'a biyar a ɗaki da mutum biyar da kika sani, shi kuwa yana wuni a Kwari cikin dubban mutane daga garuruwa daban-daban, yana musabaha, yana ƙirga kuɗi, yana cin abinci da yaran shago. Duk dokar da za ki ɗora wa kanki, idan shi bai ɗauka ba, wahala kawai za ki sha. Na san ba kowane namiji ne ke son jin irin wannan daga bakin matarsa ba, don haka ku tafi asibitin tare, likita ya faɗa masa da bakinsa.

Haka nan ɗakin Hajiya surukarki. Idan kika ce jikoki su rage shiga saboda 'yarki, za a ce kina nuna bambanci, matan gida su ɗauke ki da baki. Idan kuwa maigidan ya tara 'yan'uwansa ya ce saboda shekarun Hajiya da hawan jininta ne, babu wanda zai yi musu, kuma gaskiya ce, domin ita ma tana cikin waɗanda cutar ta fi yi wa illa. A mayar da hira da gaisuwa tsakar gida a kan tabarma, duk yaron da ke mura ko tari kuma a tsare shi a ɗakin uwarsa. Ku yanke wannan shawara tun yanzu, domin Babbar Sallah tana ƙarshen watan nan, kuma ranar da gida ya cika da masu kawo nama da masu yawon Sallah ba ranar kafa sabuwar doka ba ce. Idan za a riƙa barin taga a buɗe, a haɗa da gidan sauro da rigar sanyi, a kuma bar mata gorar ruwanta a kusa, saboda tsofaffi sukan manta da ba yaro ruwa sai ya nema.

Uwar Biyu, Lahadi, 5 ga Yuli, 2020

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba Ɗan Fansho, na rubuta takardar kamar yadda ka tsara, na nemi sauyin ɗaki da zuwa kwana uku a mako, rahoton likita kuma zan biyo da shi idan na karɓo. Na samu ma'aikaciyar asibitin da ke duba ta a waya, ta ce mu zo ranar da suke ganin masu sikila a makon nan, kuma maigidan ya amince zai rufe shago mu tafi tare. Ya karɓi maganar takunkumi, musabaha ce ya ce da wuya, domin abokin cinikin da ya zo daga nesa ba a barin hannunsa a miƙe. Ma'aunin zafin ma an sayo, ƙanwar maigidan da ke zaune tare da Hajiya ta iya karanta shi.

Malama, saura tambaya ɗaya. Ranar da za mu je asibitin, in sa wa yarinyar takunkumi ne, ko kuwa zai takura mata numfashi?

Ma'aikaciyar Jinya, Lahadi, 5 ga Yuli, 2020

'Yar ƙasa da shekara biyu ce ba a sa wa ko kaɗan. Mai shekara huɗu za ki iya sa mata na yara, mara kauri, na ɗan lokacin da kuke cikin jama'a kuma idonki yana kanta. Idan tana ta jan sa tana taɓa fuska, ko kin ga tana haki, ki cire, ku matsa gefe inda babu mutane. Ku yi sammako, mahaifinta ya shiga ya karɓi kati ya riƙe layi, ke ku jira a waje inda iska ke kaɗawa har a kira ku. Ki roƙi likita ya rubuta maganin wata uku idan ya ga babu matsala, a duba yawan jininta, a duba katin rigakafinta ko akwai allurar da ta wuce ta a lokacin kulle, ki kuma karɓi rahoton da Baba ya ce ki haɗa da takardarki kafin ku baro wurin.